Ingilishin Ranar Laraba

Mutari, ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Ina roƙon Allah ya sa kamyon albasar da ya ɗauke ka ya sauke ka Tabelot lafiya, ya tsare ka daga sharrin duwatsun hanya da na mutanen hanya, ya haɗa ka da masu masauki na kirki. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba ka daɗe da barinsa ba, kuma ba shi ya sa na ɗauki bik in rubuto maka ba.

Na ɗauki bik ne saboda ka ƙi saurarona. Tun ranar da ka gaya mini iyayen yara na can sun roƙi diraktan lakwal, wato shugaban makarantar, ya ware masu ƙoƙari a ajin ƙarshe a fara koya musu Ingilishi da yamma, kuma kai aka ɗora wa aikin, nake neman in zaunar da kai. Duk sa'ad da na buɗe baki sai ka ce, "Inna, zamani ya canja," idonka na kan salula. Da nake jera maka kaya a jaka na ci karo da wata ƙatuwar ledar bombo, alewar nan ta yara, da ƴan taurarin takarda masu ƙyalli. Na tambaye ka na mene ne, ka ce da su ake jan hankalin yaro, haka aka koya muku. To, madalla. Ka iya toshe kunne idan ina magana, amma takarda na san za ka karanta ta, ko don ka ga inda ta ƙare.

Abin da za ka je ka yi, na riga ka yin sa, a nan Agadas, kana goye a bayana. Ka san Ingilishina a Katsina na samo shi, gidan gwaggona inda aka kai ni riƙo ina ƙarama, kafin a maido ni Maradi a sa ni lakwal. Da aure ya kawo ni garin nan aka ba ni ajin ƙarshe, sai na tarar da abin da kai ma za ka tarar. A kowane aji akwai ƴan yaran da kafin ka kakkaɓe alli daga hannunka sun gama kalkil, wato lissafin da ka rubuta a tablo, sauran lokacin kuma su mintsini na kusa da su, su kwaikwayi tafiyarka, su yi ta tambayar da ba ta cikin darasi. Na ce a raina, tunda kawunansu na neman abin ci, bari in ba su Ingilishi kafin su je kolej. Ba wanda ya sa ni. Ni na jawo wa kaina.

A cikinsu akwai wata yarinya, Shatu. Uwarta tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ubanta direba ne a hanyar Kawar, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Siririya ce, baƙa, mai idanu kamar tana auna ka. Tana jin Hausa da Buzanci da Faransanci, tana tsintar Larabci a bakin fasinjoji. Ban taɓa koyar da kai irin nata ba, kuma ban taɓa koyar da yaron da ya sa ni ciwon kai kamarta ba.

Farkon ɓarnata, a gaban aji na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na ce ku ne masu kai, don haka ranar Laraba da yamma, lokacin da kowa ke hutu, ku za ku dawo. Ina faɗa ina murmushi, a zatona kyauta nake rabawa. Su kuwa abin da suka ji shi ne, wanda ya yi ƙoƙari an ƙwace masa yammacin Laraba, wanda ya yi barci a aji yana can yana buga ƙwallo. Ƴan uwansu suka sa musu suna Nasarun Madam. A dikte na gaba, shiftar da nake yi musu, sai ga kaye-kaye, littattafan rubutun masu ƙoƙarin nan, cike da kuskure. Shatu har sunanta ta rubuta ba daidai ba. Na kira ta na ce mene ne wannan, ta dube ni ido cikin ido ta ce ai kanta ne ya toshe, wataƙila a cire ta daga ƴan Laraba. Ka ji fa. Yarinyar da ba ta kai kafaɗata ba.

Kai kuma can da za ka, yammacin yaro ba ma nasa ba ne. Yana lambu yana juya ruwa a kwamin albasa, ko yana bayan awaki. Idan ka raba shi da wannan, ka raba ubansa da hannu guda. Kada ka tsaya gaban aji kana zaɓe kamar mai tsince tumatir a kasuwa. Ka buɗe ƙofa ga kowa, ka yi abin da wanda ya leƙo zai so ya zauna, masu kan za su zaɓi kansu. Kuma ka je lambun da ƙafarka ka gaida iyayen, ka tambaye su wane lokaci ne ba zai cuce su ba. Na san ka da ƙyuyar gaisuwa, shi ya sa na faɗa.

Shatu dai ban cire ta ba. Na je wurin uwarta a tasha, uwar ta ce ko da bulala sai ta zo. Ta zo ɗin. Ranar farko, ban gama rubuta gaisuwa a tablo ba ta ɗaga hannu ta ce me za ta yi da wannan yaren. Ta ce Faransanci na jarrabawa ne, Larabci na salla, Hausa na kasuwa, Buzanci na maƙwabta, to shi wannan na mene ne? Ni kuma maimakon in ce ban sani ba tukuna, sai na hau wa'azi. Lokacin Turawa masu yawon buɗe ido sun cika garin nan, suna ɗaukar hoton hasumiyar masallaci, suna sayen kayan azurfa wurin maƙera. Na ce duk wanda ya iya Ingilishi zai zama jagoransu, ya hau mota mai sanyi, ya ci abinci a otal. Shatu ta ce yawancinsu ai Faransanci suke yi, kuma ita ba ta taɓa ganin mace jagora ba. Na ce ta rufe mini baki. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Ba a jima ba hanya ta lalace da rashin tsaro, Turawan suka ɗauke ƙafa, otal-otal suka koma wurin kwanan tantabaru. Yaran suka zo mini da Laraba suna tambaya, yanzu wa za mu yi wa Ingilishin? Ni kuwa a kan baƙin nan na kafa darasin gaba ɗaya, su kuma sun tafi. Don haka idan yaro mai kai ya tambaye ka amfanin abu, kada ka yi masa alkawarin aiki ko jirgin sama. Ba kai ke rabon arziki ba, kuma zai riƙe maganarka ya auna ta da abin da idonsa ke gani. Ka nuna masa abin da ke gabansa yau wanda ba ya iya karantawa: rubutun jikin injin ban ruwa na ubansa, kwalin magani, abin da ke fitowa a salular yayansa. Ka bar shi ya ji haushin rashin sani da kansa.

Bombo kuwa, kada ka ɗauka kai ka fara. Na saya, na raba. Duk wanda ya haddace kalmomin mako ya samu. Shatu takan dubi tablo sau ɗaya ta zuba mini su kamar karatun allo, ta karɓi bombonta ta kai wa ƙannenta, Laraba mai zuwa in tambaye ta ko ɗaya ta ce ai na wancan makon ne, an riga an biya. Sauran da suka ga kullum ita ke ci, suka daina wahalar da kansu. Ranar da leda ta ƙare, ajin ya ragu. Ka ba yaran Tabelot bombonka don Allah, su sha su yi maka addu'a, amma kada ka haɗa shi da karatu.

Ɓarnar da ta fi duka ita ce wannan. Ashe yarinyar nan da take tambayata amfanin Ingilishi, tana da nata a ɓoye. A rumfar uwarta mutanen Gana da na kudancin Najeriya da ke jiran motar Libiya suke cin abinci, ita ke miƙa musu kwano, kunnenta kuma ba ya barin komai ya wuce. Wata Laraba na ce wa zai tambaye ni ko ina jin yunwa. Sai Shatu ta miƙe, karo na farko da son ranta, ta zubo magana mai tsawo, da karin harshensu da komai, har da yadda suke ɗaga kafaɗa. Ta tambaye ni yunwa, ta tambaye ni ko a sa yaji, ta ce in zauna ga benci. Fuskarta na haske. Ni kuwa me na yi? Na yi dariya. Na ce wannan ba Ingilishi ba ne, yaren tasha ne. Na ɗauki alli na rubuta maganarta a tablo na bi ta kalma kalma ina ja mata layi, ƴan aji na ƙyalƙyatawa.

Daga ranar ba ta ƙara buɗe baki a ajin Laraba ba. Tana zuwa, don uwarta na koro ta. Ta zauna a baya ta harɗe hannu. In na tambaye ta, ta ce ba ta sani ba, da Faransanci mai kyau kuwa, don in ji zafi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa ta durƙuso, na ce zan ba ta littafina mai hotuna. Har aka shiga sanyi aka fita, ko uffan.

Ka gane wani abu game da irin yaran nan, Mutari. Yaron da ya saba faɗuwa, in ka gyara shi sai ya kakkaɓe riga ya ci gaba. Wanda bai taɓa jin an ce masa ba daidai ba ne, ranar da ya ji, kuma a gaban mutane, sai ya gwammace ya yi shiru har abada da a sake yi masa dariya. Harshe kuwa ba ya shiga sai an yi ta kwaɓa shi. Kai ma da gyaran tsiya, tun kana ƙarami kake gyara wa babanka Faransanci a gaban baƙi. Ka riƙe bakinka. In yaro ya kawo maka Ingilishin da ya tsinta a wurin masu haƙar zinariya ko a waƙar salula, ka karɓa da hannu biyu, ka amsa masa, gyara ya biyo baya, kai da shi.

Yadda bakinta ya buɗe, ba dabarata ba ce, kada ka ce na yi maka alfahari. Haushi ne. Akwai wani Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malamai maza, malamin Ingilishi a kolej, Allah ya jiƙansa, yakan leƙo mu in ya taso. Wata Laraba ya shigo ya tarar ina fama, ya nuna ta da haɓa ya tambaye ni da Ingilishi wace ce waccan mai fushin. Ni kuma raina ya riga ya ɓaci, na amsa masa da Ingilishi, da sauri, ina kallonta. Na ce wannan ta fi duk yaran da na taɓa koyarwa kai, amma matsoraciya ce. Ya yi dariya ya girgiza kai, ya fita.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce me na gaya masa a kanta. Na ce ai da Ingilishi na faɗa, kuma a gabanta na faɗa, ban ɓoye ba. Ta ce in fassara. Na ce ba zan fassara ba, na ɗauki jakata na wuce.

Sauran labarin daga bakin uwarta na ji. Yarinyar nan ta riƙe maganar a ka, sautinta kawai, kamar yadda ake riƙe waƙar da ba a san ma'anarta ba, ta tafi da ita tasha. Ta fara samun wani ɗan kasuwa Bakano, ta maimaita masa. Ya ce yabonki aka yi, an ce kina da ƙwaƙwalwa. Ta ce ƙarya ne, ba a yabon mutum da irin fuskar da Madam ta yi, akwai saura. Shi kuma kalmar ƙarshen ta fi ƙarfinsa. Ta bi masu cin abinci ɗaya ɗaya, wannan ya ce kaza, wancan ya ce bai ji ba, ta sake faɗa. Uwar ta ce kwanaki ta yi ba ta da wani zance, har kwano take miƙa wa wanda bai saya ba. A ƙarshe ta dace da wata mata ƴar Gana mai kitso, wadda ta daɗe a garin tana jiran mota. Matar ba ta da Hausar da za ta fassara, sai ta tashi ta nuna da jiki. Ta yi kamar ta ga ɓera, ta ƙanƙame jiki tana rawar ɗari, ta ɓuya bayan tukunyar shinkafa. Duk rumfar aka yi dariya, ban da Shatu. Ta zauna wurin matar har la'asar, ba wanda ya san me suke ƙullawa.

Laraba ta zagayo. Ina cikin rubutu na ji an ture benci. Na juyo, ga ta tsaye. Da Ingilishi ta yi magana, a karye, rabi na tasha rabi nawa, amma ba wanda bai gane ba. Ta ce ita ba matsoraciya ba ce. Ta ce ni ce mai dariya, kuma malama ba ta yi wa yaro dariya.

Wallahi, Mutari, bakina ya buɗe zai gyara mata aikatau. Har numfashi na ja. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ce mata da Ingilishi, to in ba tsoro ba, me ya hana ta magana duk watannin nan? Ta tsaya tana laluben kalma, ta rasa, ta juya ta tambayi na kusa da ita, shi ma ya rasa, sai ta tambaye ni da Hausa yaya ake cewa wulaƙanci. Na gaya mata. Ta ɗauka ta jefe ni da ita. Haka muka yi ta yi har aka kira salla, tana neman kalma a wurina tana zagina da ita cikin ladabi, sauran yaran sun saki baki, wasu na taya ta. Ban taɓa yin darasin da ya kai wannan ba, kuma na koma gida da ciwon kai.

Daga nan ajin Laraba ya zama wurin gardama. In kawo magana, raƙumi ya fi mota ko mota ta fi raƙumi, su rabu biyu, wanda duk ya rasa kalma ya tambaya. Shatu ta karɓi littafin nan mai hotuna da ta ƙi a da, ta cinye shi, ta dawo tana ce mini labaransa na jarirai ne, in nemo wani.

Na san abin da kake ayyanawa yanzu, don na haife ka. Kana cewa ka samu dabara, za ka je ka tsokani yaran mutane. To saurara. Ni ma haka na ɗauka. Shekarar da ta biyo na samu wani yaro, Ilyasu, ɗan wani makanike, mai kai ƙwarai, mai shiru. Da ya ƙi magana sai na yi masa irin ta Shatu da gangan, na faɗi abu a kansa da Ingilishi a gaban aji na ƙi fassarawa. Bai je tasha ba, bai tambayi kowa ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kaye. Laraba ta gaba bai zo ba. Na bi shi gida, ya ɓuya. Ya gama shekarar bai ƙara haɗa ido da ni ba, da ya ci jarrabawa kuma ya ce wa ubansa ba ya son kolej, gareji yake so. Yana nan har yau a hanyar Arlit, in na wuce ya gaishe ni da ladabi, daga nesa. Abin da ya tayar da wata, shi ya kwantar da wani. Ba ni da wata hikima a nan sai cewa ka san yaro kafin ka taɓa shi. Ka san wanda gardama ke motsa shi, da wanda sai ka zauna kusa da shi ka yi ƙasa da murya, da wanda yake so a ba shi abu mai wuya a bar shi shi kaɗai. Wannan ba ya cikin salularka. Zama ne da kallo, kai kuma ba ka da haƙurin zama.

Kuma ka tuna yaran can da Buzanci suka tashi, Hausa a kasuwa suka same ta, Faransanci a lakwal. Naka ne na huɗu. In sun gaji, ba taurin kai ba ne kullum.

Shatu ta yi kolej, ta yi lise, ba ta zama jagorar kowa ba. Yanzu tana da shagon kayan gyaran mota kusa da tasha, ita ke yin odarsu da kanta daga ƙasashen waje, ka ji ta a salula tana ciniki da Ingilishi kamar za ta cinye mutum. Ba ta taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban nema ba. Amma da safen nan, bayan tafiyarka, sai ga ta a ƙofar gida riƙe da hannun ƴarta, Nana, ƴar aji huɗu. Ta ce yarinyar ita ke zuwa ta ɗaya, amma wai ba ta ga amfanin Ingilishi ba tunda salula na fassarawa. Ta ce, "Madam, ga ta nan. Ni na gaji." Ta saki hannunta ta tafi shago, ko zama ba ta yi ba.

Ga Nana can a tsakar gida ina hangenta ta taga. Ta juya mini baya, tana zane a ƙasa da tsinke. Ɗazu na gaishe ta da Ingilishi, ta amsa da Hausa. Na ajiye littafi a gefenta, ta matsar da shi da ƙafa. Na cika maka takardu da nasiha, ga shi ni kaina ban san ta inda zan ɓullo wa wannan ba. Zan dai fita in zauna kusa da ita in ga me take zanawa.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, dare da rana. Ya kare ka daga ciwo da sharrin baki, ya sanyaya maka zuciya a kan ƴaƴan mutane, ya sa su amfana da kai. Ka riƙe salla, ka rufe ƙirjinka da dare don sanyin dutse ba irin namu ba ne. Idan ka yi taka ɓarnar, kuma za ka yi, ka rubuto mini ita yadda take, kada ka gyara.

Wassalam.

Mahaifiyarka